Abin da Kawu Ya Faɗa wa Kwamiti

Shekaru sun ja, ban kuma ajiye komai a rubuce ba daga wancan lokaci, saboda haka abin da zan faɗa a nan iyakar abin da ya rage ne a kaina. Wasu fuskokin sun haɗe mini. Ba zan iya rantsuwa a kan wanda ya zauna a dama da wanda ya zauna a hagu ba, kuma mai yiwuwa na ɗauki maganar wata rana na ɗora wa wata. Inda nake da tabbaci zan faɗa, inda ba ni da shi ma zan faɗa.

A shekarun farko na dawowar Shari'a na sami aiki a majalisar dokokin jiha, ban daɗe da gama jami'a da bautar ƙasa ba. Ni ba ɗan majalisa ba ne, ƙaramin ma'aikaci ne. Aka tura ni kwamitin da ke kula da noma da kiwo, a ƙarƙashin wani dattijo wanda shi ne sakataren kwamitin. Aikina in zauna a gefe in rubuta abin da aka faɗa. Ranar da na fara, sakataren ya kira ni ya ce akwai abu guda da yake so in riƙe: ma'aikaci ba ya magana a zama.

"Kai kunne ne da biro," in ji shi. "Duk ranar da ka ji bakinka yana ƙaiƙayi, tashi ka fita ka sha ruwa."

A ƙauyenmu kuwa, can gefen Sandamu, babu mai wannan bambancewar. "Yana majalisa" kawai ake cewa, kuma na gaji da gyarawa na bari.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Yana da fadama a gabashin gari wadda ya gada, ba wata babba ba ce, amma ruwanta kusa yake. Ya haƙa rijiya a ƙasan ta, yana noman albasa da tumatir da ɗan tattasai idan rani ya shigo. Saboda wannan fadamar Kawu bai taɓa zuwa ci-rani ba. Idan mazan gari suka watse bayan kaka, shi yana nan yana jan guga, gidansa kuma yana ci. Yana alfahari da wannan ƙwarai, har yakan ce shi bai san hanyar tasha ba sai don rakiya.

To a wannan shekarar aka kawo wa majalisa ƙudurin doka daga ɓangaren gwamna, na shata burtali da wuraren kiwo. Ƙudurin doka shi ne dokar da ake nema a yi, kafin ta zama doka. Sai ya bi matakai. A karatu na farko magatakardan majalisa yakan tashi ya karanta sunan ƙudurin kawai ya zauna, ba mai cewa uffan. Na tuna na yi mamaki da ake kiran wannan karatu. A karatu na biyu ne ake muhawara a kan manufarsa gaba ɗaya, kuma a ranar, in ban manta ba, babu wanda ya ƙi shi. Kowa ya san abin da ke faruwa duk kaka idan shanu suka gangaro ta Kongolam, bakin iyakar Nijar, suka tarar gonaki sun cinye tsohuwar hanyarsu. An yi ta zubar da jini a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ni kaina daga bencin ma'aikata na ji ƙudurin ya kwanta mini. Kakakin majalisa ya buga guduma, ya ce an miƙa shi ga kwamitinmu ya je ya duba ya kawo rahoto.

Sai da takardun suka zo teburina na buɗe taswirar da ke manne a baya. Tsohon burtalin ƙauyenmu ta yamma yake, amma an daɗe da gina gidaje da makarantar firamare a kansa. Masu awon sai suka karkato da sabon layin ta gabas. Na bi shi da yatsa, na sake bi. Ya shiga fadamar Kawu, ya haɗa da rijiyar.

Ranar Juma'a na hau mota na tafi gida. Na same shi a fadamar, ya naɗe wando zuwa gwiwa yana kora ruwa cikin fangalin albasa. Na yi masa bayani a hankali, ina ta cewa ban tabbata ba, wataƙila taswirar ba daidai take ba, ko da yake na san daidai take.

"To ba kana ciki ba?" ya ce, bai ko ɗago ba. "Ka gaya musu ta kawunka ce."

"Kawu, ni ba a ba ni baki ba a wurin."

Sai ya miƙe ya dube ni. "Duk karatun nan da uwarka take ta ba mu labari, ba a ba ka baki ba? To me aka ba ka?"

"Kujera da biro."

Ya yi dariya har sai da ya dafa fartanya. Da ya gama ya ce in kwantar da hankalina, yanzu Shari'a ta zo, gonar gado ce, shaidu suna raye, duk wanda ya taɓa ta alƙali yana nan. Na ce masa a iya fahimtata alƙali ba ya soke dokar da majalisa ta yi, shi ma da doka aka kafa kotunsa. Na ga maganar ba ta yi masa daɗi ba, sai na wuce ta. Na ce akwai hanya. Kwamiti zai zo Daura ya yi abin da ake kira zaman jin ra'ayin jama'a. Nan ne kaɗai wanda ba ɗan majalisa ba zai tashi ya yi magana a rubuta ta, kuma abin da aka rubuta shi ake mayarwa majalisa. Ba dogon bayani ake so ba. Ya faɗi ƙauyensa, ya ce layin ya bi ta fadamarsa, bai yarda ba, yana roƙon a karkata shi ta faƙon nan na arewa da ba mai nomawa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kawu. Amma da bakinka, a cikin zauren."

Na ce ko kuwa a sami wani ya rubuta masa takarda ya dangwala, don kwamiti yana karɓar ra'ayi a rubuce. Ni dai ba ni da ikon rubuta wa kwamitin da nake yi wa aiki. Ya girgiza kai tun ban rufe baki ba. Ya ce takarda a bayan idon mai gari, ai cewa za a yi ya kai ƙararsa birni. Magana dai zai yi, in Allah ya kai mu.

Ranar zaman na gan shi tun da safe a hanyar Kusugu, ya sauko daga motar ƙauye, cikin rigar da yake zuwa Idi da ita. Muka gaisa. Ya ja hannuna gefe ya ce mini jiya ya je wurin mai gari, dagacinmu ke nan, ya zayyana masa komai, har faƙon arewa. Mai gari ya ce ya ji, zai kai gaba. Na ce madalla. Na ɗauka ƙari ne a kan maganar da zai yi a zauren.

Abin da na fi tunawa da zauren shi ne ƙofarsa. Babu wanda ya ce a cire takalmi, ba masallaci ba ne, ba fada ba ce, amma takalman manoma sun taru tsibi a bakin ƙofa, robobi da fade da 'yan silifa. Da na shiga na ga dalili. An gayyaci hakimi don girmamawa, an zaunar da shi a babban teburi dab da shugaban kwamiti. Dagatai suna jeren gaba da rawunansu. Manoma da makiyaya suna can baya, wasu sun bar kujeru sun zauna a ƙasa. Ni ina ƙarshen teburi, kusa da sakatare, da takarduna.

Aka buɗe da addu'a. Shugaban kwamiti ya yi bayanin ƙudurin da Hausa, kuma a gaskiya ya yi shi tsaf, bai ɓoye komai ba. Ya ce an zo ne a ji ta bakin kowa, wanda yake da ƙorafi kada ya ji tsoro. Sannan don ladabi ya roƙi hakimi ya sa albarka. Hakimi ya yi gajeren jawabi, ya ce masarauta tana bayan duk abin da zai kawo zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi. Ba na jin ya yi nufin rufe bakin kowa. Amma da ya zauna sai na ji zauren ya canza, kamar an gama abin da aka zo yi.

Wani arɗo ya yi magana, ya gode. Wani malamin gona ya yi magana. Sai na hango hannun Kawu a sama, na yi murna.

Aka kai masa lasifika. Maimakon ya tsaya, sai ya tako gaba zuwa bayan jeren dagatai ya durƙusa, har sai da mai riƙe da lasifikar ya sunkuya yana bin bakinsa. Ya gaida hakimi da kirarinsa. Ya gaida mai gari. Ya gaida shugaban kwamiti da 'yan majalisa, ya yi wa gwamna addu'a, ya yi wa Shari'a addu'a, zauren yana amsawa da amin. Ina riƙe da biro ina jira. Sai ya ce, kuma wannan ina da tabbaci a kansa domin ni na rubuta shi:

"Mu talakawa ne, abin da iyayenmu suka gani shi muka gani. 'Yar damuwar da muke da ita kuma mun riga mun kai ta inda ya kamata. Allah ya ƙara wa shugabanni lafiya."

Shugaban kwamiti ya matso da bakinsa ga tasa lasifikar. "Baba, mun gode. Amma akwai wani sashe na ƙudurin nan da ba ka yarda da shi ba? Faɗi, don shi muka zo."

Kawu ya dubi ƙeyar mai gari, wanda bai waiwayo ba. Ya dubi ƙasa.

"Ranka ya daɗe, wane ni."

Aka yi 'yar dariya ta jin daɗi. Tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma biyu ba. Da na ce "Kawu, fadamar," da ya ji. Sakatare bai dube ni ba, amma na ga ya ɗora hannunsa a kan takardata, ya bar shi a nan. Kawu ya miƙe, ya dube ni ya yi murmushi irin na wanda ya sauke nauyi, ya koma baya ya zauna.

Mai gari bai ci amana ba, wannan ma ina so a sani. Bayan an tashi na gan shi ya rusuna kusa da hakimi yana magana ƙasa-ƙasa. Na kuma ga hakimi ya tsayar da shugaban kwamiti a bakin mota, ya riƙe hannunsa, na ji an ambaci sunan ƙauyenmu da fadama. Shugaban ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya taimake ka, za a duba." Saƙon ya bi hanyarsa daga ƙasa har sama, bai ɓata ba ko kaɗan.

Na sami Kawu yana laluben takalminsa a cikin tsibin.

"Ya ka gani, ɗan majalisa? Ban ba ka kunya ba ko?"

"Kawu, ba ka faɗi fadamar ba."

"A gaban hakimi? Cikin lasifika?" Ya saki takalmin ya dube ni. "Mai gari yana zaune in tsallake kansa in yi ƙara, kamar ba ni da uba a gari? Gobe da wane ido zan dube shi a masallaci? Kai dai bokon nan ya cinye maka kunya. Ba ka ga hakimi da kansa ya yi maganar ba? Tawa ta fi tasa ne?"

Ta hanyar da ya sani, ya yi komai daidai.

Da muka koma Katsina ni aka ba rubuta daftarin rahoto. Na rubuta abin da ya faru: an yi zama, jama'a sun halarta, babu wanda ya nuna adawa ga wani sashe. Na daɗe ina kallon wannan layin. Sai na ƙara wani a ƙarƙashinsa, cewa an bayyana damuwa game da inda layin burtalin ya bi a wani ƙauye. Sakatare ya karanta, ya cire tabarau.

"A zama aka faɗi wannan?"

"A bakin mota ne, yallaɓai. Amma na ji da kunnena."

"Bakin mota yana cikin ƙa'idar majalisa?"

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce ya san kawuna ne, ya gane tun a zauren. Ya ce ranar da muka fara sa maganar bakin mota a rahoto, kowane ɗan majalisa zai zo da tasa motar, daga nan kuma rahoto ya tashi daga aiki. Ina jin gaskiya ya faɗa, har yau ban sami inda zan kama shi da kuskure ba. Ya ja layi a kan jimlar. Sannan ya ce saura ƙofa ɗaya: idan aka gabatar da rahoto, majalisa takan koma kwamiti na gaba ɗaya ta bi ƙudurin sashe-sashe, a nan kowane ɗan majalisa yana iya tashi ya nemi gyara.

Na je na sami ɗan majalisar mazaɓarmu bayan sallar azahar. Mutum ne mai fara'a, ya san mahaifina.

"Au, mai durƙuson nan kawunka ne? Kai, ya iya addu'a!" Da na gama bayani sai fara'ar ta ragu. "To ka ga, ɗana, idan na tashi na ce mutanena ba su yarda ba, shugaban masu rinjaye zai ɗaga rahoton nan ya karanto mini cewa sun yarda, da bakinsu, a gaban hakiminsu. Ka ga na zama maƙaryaci ko mai raina sarauta. Wa ma ya rubuta rahoton?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To."

Ya ce dai zai tuna wa shugaban kwamiti, tunda shi aka gaya wa, idan shi ya kawo gyaran ba mai musu.

Ranar da aka zauna a kan rahoton ina bencin ma'aikata a baya. Aka sauke sandar majalisa daga mazauninta na sama zuwa na ƙasa, kakaki ya sauko daga kujerarsa ya zauna a ta ƙasa, alamar an koma kwamiti na gaba ɗaya. Aka fara kiran sassa ɗaya bayan ɗaya. A kowanne sai a tambaya ko ya tsaya yadda yake, masu goyon baya su amsa da murya, a nemi masu adawa, a ji shiru, a buga guduma. Abin yana sauri fiye da yadda mutum zai zata. Da aka zo kan taswira na dubi shugaban kwamiti, yana duba wata takarda. Ba na zarginsa da mugunta, ina jin mantuwa ce, don Allah kaɗai ya san yawan hannayen da suke riƙe shi a bakin mota. Na dubi ɗan majalisarmu. Ya motsa, ya tattara babbar rigarsa a kafaɗa, har na ɗaga daga benci. Ashe zama yake gyarawa. Guduma ta sauka.

Na fita na sha ruwa. Kafin in dawo an mayar da sanda sama, an yi karatu na uku, an umarci magatakarda ya shirya tsaftataccen kwafi a kai wa gwamna ya sa hannu. Bai daɗe ba ya sa.

Kawu ya ji a rediyo, bai damu ba. Ya ce mai gari ya gaya masa an ce za a duba. Haka ya yi ta faɗa har ranar da ma'aikata suka zo da turakun siminti a bayan mota. Layin ya ɗauke rijiyar da ɓangaren da ya fi damshi. An ba shi wani fili a kan tudu a madadin, yana yin gero da damina, amma da rani ko ciyawa ba ta tsayawa.

Ɗan majalisarmu, don in yi masa adalci, ya kawo ƙudurin gyaran dokar daga baya. Sai dai gyara ma ƙuduri ne, daga karatu na farko yake farawa. Kawu ya koyi kalmomin a wannan lokacin. Duk zuwana gida, kafin in ajiye jaka, sai ya ce, "Ɗan majalisa, an kai karatu na nawa?" In ce na farko, Kawu. Ya ce, "Har yanzu? Wannan ɗalibi naku daƙiƙi ne." Muka yi ta haka har kakar zaɓe ta shigo, zaman majalisa ya yi wuya, wa'adinta ya ƙare. A ƙa'ida duk ƙudurin da bai kammala ba yakan mutu tare da majalisar da aka kawo shi gabanta, sabuwa sai ta faro daga farko idan akwai mai kawowa. Ɗan majalisarmu kuwa bai dawo ba bayan zaɓe. Na rasa yadda zan gaya wa Kawu, na yi ta cewa ana nan ana dubawa, har na ji bakina ya koma irin na bakin mota.

Na ci gaba da aikin shekaru masu yawa, na je zaman jin ra'ayi a garuruwa da dama, kuma kusan ko'ina ina tarar da tsibin takalma a ƙofa. Na taɓa ba sakatare shawara a riƙa ware wani zama na talakawa zalla, ba tare da masu sarauta ba. Ya ce shawara ce mai kyau, sai in faɗa masa wanda zai je ya gaya wa hakimi kada ya zo.

Ranin da ya biyo bayan mutuwar ƙudurin gyaran, Kawu ya bi samarin gari zuwa ci-rani, da furfurarsa. Na raka shi tasha a Daura, ni na riƙe masa buhun kayansa. Bai yi mini ƙorafi ba ko sau ɗaya. Da ya zauna a mota ya leƙo ta taga ya kira ni.

"Idan za a sake irin zaman nan, ka aiko da wuri," ya ce. "Don in sami mai gari tun da sauran lokaci."

Na ce to, Kawu.

Zauren nan ya cika a ranar, na san da yawa daga waɗanda suka zauna a ciki suna raye, a Daura da Sandamu da ƙauyukan kewaye. Idan wani ya ga na karkata a wani wuri, ko na ɗora wa wani abin da bai yi ba, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara, zan karɓa da godiya. Musamman abu guda: a tunanina shugaban kwamiti ya ɗan dakata bayan amsar Kawu, ya jira ko zai ƙara wani abu, kafin ya kira na gaba. Wani lokaci kuma sai in ga kamar bai jira ba. Wanda ya riƙe wannan ya taimake ni da shi.